Makullan Ƙafar Gaba, Kafin Gulbi Ya Kawo

Madarumfa, ana jiran ruwan shuka.

Zuwa ga ɗana Salisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan ka sauka lafiya, ka iske surukanka lafiya da mutanen garin gaba ɗaya. Allah ya tsare ka a hanya da masauki, ya tsare waɗanda kake ɗauka, ya raba ka da tsautsayi. Mu nan lafiya lau. Matarka Hadiza ta fara cin abinci sosai, ƙafafunta ne dai ke kumbura in rana ta yi, na kuma hana ta daka.

Ba don labarin gida na zauna rubutu ba. Magana ɗaya ce, ka kuma san ta, domin na fara ta ranar da kake ɗaure kaya, ka mai da ita wasa. Na tsaya a bakin zaure na ce, "Salisu, makullan ƙafafun gaban motar nan, yaushe rabon da a buɗe su?" Ka ce, "Inna, garaji za ki buɗe ne? Bari in ɗinko miki shuɗiyar riga irin ta Idi makanike." Abokanka suka kwashe da dariya. Na juya na koma ciki, don ba na wulaƙanta ɗana a gaban mutane. Takarda kuwa ba ta zuwa da abokai masu dariya. Ka nemi wuri ka zauna kai kaɗai, ka karanta ta har ƙarshe.

Ka kama ɗaki a garin su Hadiza, can ƙetaren gulbi bayan garin Sarkin Yamma, za ka riƙa jigilar hatsi da mutane zuwa kasuwanni. Na sa albarka. Ka kuma ce za ka dawo ka ɗauke ta kafin ruwa ya sauka, tunda cikin fari ne, a gaban uwarta za ta haihu kamar yadda aka saba. Amma watan haihuwarta ya faɗa tsakiyar damina. Idan haihuwa ta zo da gardama a wannan garin, babu abin da zai fitar da ita zuwa likita a Maraɗi sai kat-kat ɗin mahaifinka, motar nan mai jan ƙafa huɗu da ka tayar. Motar nan kuwa, in ƙafafunta na gaba ba su ja ba, amalanken jaki ya fi ta amfani a cikin yashi. A kan ran yarinyar nan da abin da ke cikinta nake yi maka magana.

Kada ka ce ban san abin da nake faɗa ba. Na yi kwalej a Maraɗi, amma ba a can na koyi wannan ba. A tsakar gidan nan na koya, ina riƙe da kwanon gazuwal, wato man dizal, ana wanke ƙarafa a ciki. A cibiyar kowace ƙafar gaba akwai ɗan murfin nan da ake murɗawa da hannu, gefe guda saki, gefe guda kulle. In yana sake, ƙafar garawa kawai take yi, inji bai san da ita ba. In ka kulle, wani zobe mai haƙora da ke ciki yana matsawa ya haɗa ƙafar da sandar da ke kawo ƙarfin inji. Abin da ke tura zoben wata 'yar waya ce naɗaɗɗiya, wadda za ka iya rufewa a tafin hannunka. Shi ke nan abin. Ka ja ƙaramar sandar giya ta cikin mota har kafaɗarka ta yi ciwo, in wayar nan ba ta tura zoben ba, ba ka da ƙafa huɗu. In kuma gefe ɗaya bai kama ba, ɗayan ma ya tashi a banza, domin duk ƙarfin yana tsiyayewa ta wurin da ke sake. Mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, ya yi shekaru yana tuƙi bai taɓa lura da wannan na ƙarshe ba.

Daga tafki ɓarnar ta fara. Ka tashi ka ga yadda direbobin garin nan suke yi, har yau ba su daina ba. Mutum ya dawo daga Ɗan Issa ko Maraɗi, mota da zafinta, ya zarce da ita cikin tafki har ruwa ya rufe rabin taya, ya tuɓe riga ya hau wanki. Mahaifinka duk Juma'a da hantsi can za ka same shi. Masunta suna yi masa tsiya, "Alhaji, shigo da ita sosai mana, ko ta kamo maka tarwaɗa." Shi kuma ya ce, "Ku dai ku ji da komarku, amaryata wanka take." Ni ma ina cikin masu so. In na ga jar ƙasa a jikinta sai in ce, "Haka za a ga motar gidana a ƙofar masallaci?" Har tabarmi nake ba shi ya haɗa ya wanko. Babu wanda ya gaya mana cewa ƙarfe mai zafi, in ya shiga ruwan sanyi, yana zuƙar ruwan ta kowace 'yar kafa kamar sabon tulu. Waje yana ƙyalli, ciki kuwa ruwan tafki yana kwance a kan wayar nan.

Saboda haka ka wanke motarka a tudu, da bokiti, bayan ta huce. In abokanka sun ce ka cika tsirfa, bar su su faɗa. In kuma hanya ta tilasta maka ratsa ruwa mai zurfi, kada ka ja lokaci ba ka kwance murafun nan ka duba ba. Giris in ya koma fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga. A wanke, a busar, a sa wani.

Sai rani. Daga girbi har bazara mahaifinka ba ya taɓa makullan nan. Hanya a bushe take, ya ce barin su sake yana rage shan mai, kuma gaskiyarsa ce. Amma wata da watanni zoben yana zaune wuri ɗaya cikin danshi, tsatsa tana cinsa, babu mai gani. Kai, ko babu yashi ko laka a gabanka, lokaci-lokaci ka kulle su ka yi 'yar tafiya a hanyar ƙasa, mai ya zagaya, haƙoran su motsa, sannan ka saki. A kan kwalta kuma kada ka sa ta ja da ƙafa huɗu, murɗe kanta take yi.

Da bazarar shekarar da zan ba ka labarinta, murfin hagu ya fara tauri. Na ga mahaifinka yana fama da shi a ƙofar gida, ya murɗa ya ƙi, ya shigo ya ɗauki awartaki. Idi makanike yana wucewa a kan kekensa, ya sa ƙafa ƙasa ya ce, "Alhaji, abin hannu ne fa wannan, ba haƙorin jaki kake cirewa ba. Kawo ta in buɗe." Mahaifinka ya ce, "Kai dai na goro kake nema. Ga shi nan ya juya." Idi ya ce, "A waje ya juya." Suka yi dariya, Idi ya taka kekensa. Ina tsaye a zaure da tsintsiya, na ji su duka, na ɗauka raha ce irin ta maza.

Abin da aka yi don yatsu uku, in ya nemi awartaki, ya riga ya gaya maka ba shi da lafiya. Kibiyar da ke kan murfin ba ta san abin da ke ciki ba. In gaskiya kake so, ɗaga ƙafar da jak, ka kulle, ka juya tayar da hannu, ka leƙa bayanta. In sandar tana juyawa tare da ita, ya kama. In taya tana yawo ita kaɗai, kibiyar ƙarya take yi maka.

Yanzu zan rubuta abin da ban taɓa zama na faɗa maka ba. Kana Ɗan Issa wurin kawunka a lokacin, aka aika maka cewa yayarka ta rasu a hanya wajen haihuwa, ruwa ya tare su. Ba ƙarya aka yi maka ba, amma ba duka aka faɗa ba. Ita ɗiyar fari ce, ka kuwa san uwa ba ta zancen ɗan fari. A hannun kakarku ta tashi. In ta shigo ɗakina gaisuwa kai nake kawarwa, sunanta kuwa bai taɓa fita bakina ba. Haka aka rene mu. Da ta rasu ma haka na ci gaba da shiru. Yau na ajiye kunyar saboda Hadiza.

Yayar taka haihuwarta ta biyu ce, don haka a gidan mijinta take, a ƙauyensu na ƙetaren gulbi. Da safe wani ya zo a kan doki ya ce tun jiya take naƙuda, ungozoma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Mahaifinka ya tashi nan take. Ni na tsaya ina ɗaukar mayafi ina ajiyewa, ina tunanin abin da za a ce, wai uwa ta bi ɗiyar fari har gidan miji. Ya leƙo ya ce, "Shiga mota, malama, kunyar ta jira mu dawo." Na shiga.

A bakin gulbi ya sauka, ya murɗa na dama da hannu, na hagu da awartaki. Ruwa bai kai gwiwa ba a lokacin, yashin yana da ƙarfi, mota babu kaya. Ya taho da gudu ya haye. Har ya bugi sitiyari ya ce, "Kin gani? Tana ja." Ba ta ja ba, Salisu. Gudu ne ya haye da mu.

Muka ɗauko yayarka. Aka shimfiɗa katifa a baya, na tallafi kanta a cinyata, mijinta da uwar mijin da ungozoma suka shiga. Kafin mu dawo gulbi ashe an yi ruwa a kudu, wajen Najeriya, mu ko ɗigo ba mu gani ba. Gulbin ya ƙaru, yashin bakinsa ya jiƙe ya yi laushi. Saboda ita ba zai iya gudu ba, kowane rami muka faɗa sai ta yi ƙara. Ya shiga a hankali. Ba mu ma kai ga ruwan ba motar ta tsaya. Ƙafafun baya suka hau tono, suna watsa yashi, motar tana ƙara zama. Na gaba kuwa suna tsaye cik kamar na wata motar.

Ya sauka ya duba. Kibiyoyin duka biyu suna kan kulle. Ya saki, ya kulle, ya koma ya taka. Ya sake sauka, ya saki, ya kulle, ya taka. Babu. Manoma suka baro gonakinsu da hauya a kafaɗa. Aka tona, aka sa zana, aka sa rassan geza, aka tura ana salati. Wani dattijo yana cewa, "Direba, sa mata ƙafa huɗun mana!" Mahaifinka ya ce, "Na sa, baba. Wallahi na sa." Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya kwanta cikin laka da babbar rigarsa yana bugun murfin da dutse.

Da rana ta karkata aka ce a sauke yayarka daga motar, a nemo amalanke a wancan gefen. Maza suka ɗauke ta a kan katifar, ruwa har ƙirji, ni ina riƙe da hannunta ina bin su. Aka ajiye ta a gindin wani gawo. Ka san gawo da damina ko ganye ba shi da shi, sai na cire mayafina na yi mata inuwa. Ta buɗe ido ta ce, "Inna, mun iso?" Na ce, "Mun kusa." Sai na kira sunanta. Tun da na haife ta ranar na fara, na kuwa yi ta kira a gaban mutane. Amalanken ya iso bayan an rufe mata fuska. Abin da ke cikin bai fito ba.

Na san kwananta ne ya ƙare. Masu ta'aziyya sun faɗa, ni ma na faɗa, har gobe kuma ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma Allahn da ya rubuta kwana shi ya ba mu ido da hannu, zai kuma tambaye mu abin da muka yi da su. Kada ka taɓa ɓoye sakacinka a bayan ƙaddara. Wannan ba tawakkali ba ne, rashin kunya ne.

Bayan an tashi zaman makoki shanu suka jawo motar gida. Na aika aka kira Idi, na ce a gabana za a buɗe, a tsakar gida. Ya ce, "Uwargida, wannan ba abin kallonki ba ne." Na ce, "Buɗe." Ni na riƙe kwanon. Na dama lafiya lau yake, zoben yana shiga yana fita. Na hagu kuwa da ya cire murfin, jan ruwa ne ya fara zubowa. Wayar ta rube ta karye. Zoben yana manne a baya cikin wani baƙin abu mai tauri kamar ƙanzo. Idi ya kankaro shi da wuƙa, ya tsaya yana kallo, sai ya ce, "Giris ɗin nan ni na cusa shi bara waccan. Na ce Alhaji mutumina ne, bari in cika masa kada ya ce na yi rowa." Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa.

Ka ji wannan ma da kyau. Wurin nan ba ya son giris da yawa. Shafawa ake yi sama-sama, kamar yadda ake shafa wa jariri mai, yadda zoben zai zame da yatsa. In aka cusa, ya haɗu da ƙura, ya daskare, sai ya riƙe abin da aka sa shi don ya sulɓe. In makanike zai yi maka kara ya cika, riƙe hannunsa. Ka kuma tsaya a kan aikin, kada ka bar mota a garaji ka tafi shan shayi. Takardar nan da ke tsakanin murfi da jiki, mai hana ruwa shiga, duk lokacin da aka buɗe a sa sabuwa ta gaske, kada a yanko maka daga kwalin sukari. A mayar da murfi yana kan saki. A ɗaure kusoshi ɗaya nan ɗaya can, kada a bi su a jere, kada kuma a hau kansu da ƙarfin tsiya.

Mahaifinka yana zaune a ƙofar ɗakinsa duk lokacin nan, bai matso ba. Da Idi ya ce zai nemo wani makullin a Katsina, ya ce, "Bar shi." Aka tura motar gindin itacen bedi. Sauran ka gani da idonka. Mutumin da garin nan kaf ya san ƙarar motarsa, ya koma ba ya fita sai masallaci. In aka yi sallama ana neman mota don mara lafiya, sai ya tashi ya shige ɗaki, ni in fita in ce ba ta tashi. Ku kuna cewa hawan jini ne ya yi ajalinsa. To. Ni dai na sha ganinsa zaune a kan tabarma bayan la'asar, carbi a hannun hagu, yatsun damansa uku suna murɗa abin da babu.

Da ka ce za ka tayar da ita bana, ban hana ka ba. Mota ba ta yi laifi ba, kai kuma kana bukatar sana'a, ga iyali. Ka gyara inji, ka sa taya, ka yi mata fenti har da rubutu a baya. Bayan tafiyarka na sa mayafi na je garaji da kaina, na tambayi Idi abin da aka yi wa ƙafafun gaba. Ya sunkuyar da kai. Ya ce makulli ɗaya ka kawo don ƙafar hagu, na hannu, daga Jibiya, na wata irin mota, bakinsa ya zo daidai amma zurfinsa bai kai ba, ka ce a ɗaura haka nan. Na dama kuwa tun na mahaifinka ne, wanda ya yi shekaru a gindin bedi ruwa yana dukansa, bana ko buɗe shi ba a yi ba. Ya ce ya yi maka magana, ka ce, "Baba Idi, tsoronka ya yi yawa, tsufa ne." Mutumin da ya ga abin da ya gani, shi ka faɗa wa haka. Ban rene ka da wannan bakin ba. In ka zo, ka fara zuwa ka durƙusa ka ba shi haƙuri kafin ka shigo gidana.

Na kuma ji shawarar da abokanka na tasha ke ba ka, wai a kai wa mai walda ya like su gaba ɗaya a huta. Kada ka soma. Abin da aka like ba a buɗe shi a ga cikinsa. Ƙafafun gaba za su yi ta juya ƙarafan da ba a bukata a kan kwalta har su cinye, ranar da wani abu ya karye a ciki kuma ba ka da yadda za ka saki ƙafar ka lallaɓa gida. Masu ba ka shawarar nan ba matansu za a ɗauka ba.

Biyu za a canza, tare, iri ɗaya, na wannan motar. Ba sabo a nan tsoho a can ba. Ka tafi wurin saye da tsohon a hannunka, a jera su, a duba haƙora, a gwada zurfi. Ka murɗa da yatsunka a gaban mai shago, ka ga zoben yana fitowa yana komawa ba tare da gardama ba. Wanda cikinsa roba ce aka shafa wa fenti kamar ƙarfe, ajiye masa abinsa ko da ya rantse maka. Na san tun da aka karya darajar kuɗinmu kayan mota sun yi wuta. Kada ka kawo mini wannan zancen. Saniyata da ke wurin Fulani na aika a kai ta kasuwa, kuma ba kai na yi wa ba.

Akwai wani hali da ba na mahaifinka ba ne, naka ne. Hadiza ce ta ba ni labari, ba ƙara ta kawo ba, tana dariya ma take faɗa. Wai ranar da kuka je bikin suna a garin Gabi, kana cikin farar shadda, da kuka iso yashi ka ƙi sauka, ka ce wa wani fasinja, "Malam, taimaka ka murɗa mini abin nan." Ya murɗa na gefensa ya dawo ya zauna, kuka shiga kuka kafe, mata suka sauko suna turi da zannuwan biki. Ita abin ya ba ta dariya. Ni na tashi na shiga ɗaki. Mahaifinka duk sakacinsa bai taɓa jin ya fi ƙarfin durƙusawa gaban tayarsa ba. Shadda ana wanke ta. Ka sauka da ƙafarka, tun kana kan tudu mai ƙarfi, kafin ka shiga, ba bayan ka kafe ba. Ka kulle duka biyun da hannunka, ka ɗan gara gaba kaɗan haƙora su zauna, sannan ka shiga. In ka tsaya shan ruwa a hanya, ka zagaya ka ɗora bayan hannunka a kan kowane murfi. Wanda ya fi ɗan'uwansa zafi yana da magana. In ka ji ƙas-ƙas daga ƙafar gaba, kashe rediyo ka saurara, kada ka ƙara murya don ka daina ji.

Yanzu ga abin da na yanke. Hadiza tana nan wurina. Ba za ta shiga motar nan ba sai an ɗaura sababbi biyu, Idi ya ɗaga ta a jak a gabana, na ga sandunan suna juyawa da idona. Bayan wannan akwai saura. Tun ranar gulbi ban sake sa ƙafata a motar nan ba. Ko biki ko rasuwa, a ƙasa nake tafiya ko in hau ta haya. To zan shiga. Ni kaɗai, a baya. Za ka kai ni mashigin gulbin nan da muka kafe, ka sauka a tudu ka kulle ina kallo, ka shiga da ni inda yashi ya fi laushi, ka tsaya cik. Ban yarda da gudu ba. Daga tsaye za ka tashe ta.

In ta fitar da ni, ka dawo ka ɗauki matarka. Ni zan haɗa mata kayanta da hannuna, in raka ta har ɗakin uwarta. In ba ta fitar da ni ba, Hadiza a ɗakina za ta haihu, nan inda hanyar Maraɗi ba ta yankewa, ni kuma in tafi da ƙafata in durƙusa gaban iyayenta in ba su haƙuri. Za a ce uwar miji ta riƙe ɗiyar mutane ta hana ta wankan gida. A faɗa, zan iya ɗauka.

Ba na son zuwa wurin nan, Salisu. Tun da na yanke shawarar abinci ba ya shiga mini sosai. Amma in motar nan za ta kafe, gara ta kafe da tsohuwa mai lafiya a ciki, wadda za ta iya sauka ta tako gida.

Kada ka rubuto mini amsa. Ka zo. Jiya da la'asar hadari ya haɗo ta gabas, iska ta watsa shi, na gaba ba lalle ya watse ba.

Ka gaida surukanka da kyau, amma kada ka faɗa musu komai tukuna, bakina ya kamata su ji. Allah ya kawo ka lafiya, ya sauki Hadiza lafiya, ya raba ka da ganin abin da mahaifinka ya gani. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya haskaka makwancinsu. Allah ya yi maka albarka, ya sa ka ji.

Wassalam.

Mahaifiyarka.